Haruffa Huɗu Don Malam-buɗe-littafi: Yadda 'Ya'yan Masu Jin Sifaniyanci Ke Koyon Karatu

Samu yarinya 'yar shekara biyar a Buenos Aires ko a birnin Meziko, wadda ta iya zana 'yan haruffa amma ba a fara koya mata karatu gadan-gadan ba. Miƙa mata fensir da takarda, ka ce ta rubuta maka mariposa. Sunan da suke kiran ƙwaron nan ke nan da mu muke ce wa malam-buɗe-littafi. Ba za ta ce maka ba ta iya ba. Za ta sunkuya tana motsa leɓe a hankali, ma, ri, po, sa, duk gaɓar da ta fito daga bakinta sai ta ɗiga mata harafi guda. In ta ɗago kai, abin da za ka gani a takardar shi ne AIOA.

Uba zai duba ya ce wannan ai shirme ne. Malamar da ta san aikinta kuwa murmushi za ta yi, don ta san yarinyar ta haye babban kogi. Ƙanenta ɗan shekara huɗu, in aka ce ya rubuta saniya, yana iya jera haruffa rututu saboda saniya ƙatuwa ce, ya ba tururuwa biyu ko uku saboda ƙanƙantarta. Ita ta wuce nan. Ta gane cewa magana rubutu yake bi, kuma tsawon kalma a baki ake auna shi.

Wadda ta sa aka fara kallon irin wannan takarda da idon basira ita ce Emilia Ferreiro, 'yar Ajantina, ɗalibar Jean Piaget a Janiba. Tsakanin 1974 da 1976, ita da abokiyar aikinta Ana Teberosky sun zauna da yara 'yan shekara huɗu zuwa shida a Buenos Aires, 'ya'yan masu hali da 'ya'yan unguwannin marasa galihu, suna ba su kalmomi su rubuta yadda suka ga dama, sannan su tambaye su dalili. Littafin da ya fito daga wannan aiki a 1979 har gobe ana karanta shi a makarantun horon malamai daga Meziko har Chile. Abin da suka lura da shi shi ne, yaro yana da zato nasa game da rubutu, zaton ya ci tura, ya sake wani. Ka ce wa yarinyar nan ta rubuta gato, wato kyanwa, za ta sa AO. Ka ce ta rubuta pato, agwagwa, ta sake sa AO. Nan za ta yi turus, don ta san kyanwa da agwagwa ba sa zama abu ɗaya. Ka ƙara mata da sol, rana, kalma mai gaɓa ɗaya tak. Dabararta ta ce harafi ɗaya ya isa, zuciyarta ta ƙi, domin yawancin yara sai sun ga kamar haruffa uku kafin su yarda abu ya karantu. Wannan ƙaiƙayi ne ke tura ta ta leƙa cikin gaɓar, har ta ji ashe ga ɗin nan abu biyu ne a manne.

Leƙen nan shi malamansu ke kira conciencia fonológica. Mu ce masa farga da sauti: mutum ya iya ajiye ma'anar kalma gefe guda ya saurari jikinta, ya san gaɓa nawa gare ta, da wace kalma take amsa amo, da wane sauti ta fara, me zai rage in an cire shi. An shafe shekara hamsin ana bincike da jayayya a kan wannan 'yar fasaha, kuma jayayyar ta shafi 'ya'yan harshen da mutum kusan miliyan 500 suka tashi da shi a baki, harshen hukuma a ƙasashe 20, har da Ikwatoriyal Gini da ke nan kusa da mu.

Abin da kunne ba ya tsinta da kansa

Wanda ya daɗe da iya karatu yana ɗauka magana jere take kamar carbi, sauti bayan sauti. Gwada furta b shi kaɗai, babu wasali. Ko dai ka ce ba, ko ka ce bi, ko leɓɓanka su haɗu su yi shiru. A bakin mai magana baƙi da wasali damammu ne, tun baki bai gama da na farko ba harshe ya riga ya shirya wa na biyu. Masu bincike a cibiyar Haskins ta Amurka sun yi ta yanka faifan murya don su ware irin wannan baƙi daga wasalinsa, abin ya faskara. Gaɓa kuwa tana da jiki. Baki ya buɗe, murya ta ɗaga, ana iya tafa mata hannu.

A 1974 Isabelle Liberman da abokan aikinta suka ba yara masu jin Turanci ƙaramar sanda, suka ce su ƙwanƙwasa tebur sau ɗaya ga kowane yanki na kalma. A cikin 'yan shekara huɗu, kusan rabi sun iya ƙirga gaɓoɓi, amma ko ɗaya bai iya ƙirga ɗaiɗaikun sautuka ba. Sai a wajen 'yan shekara shida, waɗanda suka yi shekara a aji ɗaya, aka samu kashi 70 cikin ɗari sun iya. Tambayar da ta rage ita ce: shekaru ne suka kawo haka, ko makaranta?

Amsar ta fito daga ƙauyukan Fotugal. A 1979 José Morais da abokansa suka gwada manya kashi biyu, duk talakawan karkara: waɗanda ba su taɓa koyon karatu ba, da waɗanda suka koya da girmansu a ajin yaƙi da jahilci. Aikin bai taka kara ya karya ba, a cire sautin farko na kalma ko a ƙara mata wani. Waɗanda suka yi ajin sun ci yawancin tambayoyin, marasa karatun kuwa yawanci sun kasa. Da aka maimaita irin gwajin da manya a Sifaniya a 1995, sakamakon ya bi sahu. Mutanen nan fa suna ciniki, suna waƙa, suna zolaya da kalmomi, kunnensu garau. Sai dai rarrabe magana zuwa ƙwayoyin sauti abu ne da rayuwa ba ta taɓa neman su da shi ba. Harafi ne ke neman mutum da wannan aiki, shi ne kuma ke koya masa. Daga nan maganar ta zama ta kaza da ƙwai: sai ka ji sauti kake gane harafi, sai ka ga harafi kake jin sautin.

Harshen da ke tafiya gaɓa-gaɓa

Wasulan Sifaniyanci biyar ne a baki, biyar a takarda: a, e, i, o, u. Kowane yana fita ras, ba ya shanyewa ko da nauyin kalmar ba a kansa ya faɗa ba. Fiye da rabin gaɓoɓin da ake furtawa baƙi ɗaya ne da wasali ɗaya. Bahaushe in ya ji ca-sa ko pe-lo-ta sai ya ji kamar gi-da da ka-ta-ko. Turanci kuwa wasulansa a baki sun haura goma, haruffan da za su ɗauke su ba su kai rabin haka ba, ga tarin baƙaƙe a gaba da bayan gaɓa.

Sauƙin rubutun Sifaniyanci ba daga sama ya faɗo ba. Tun 1492 Antonio de Nebrija, wanda ya rubuta nahawun harshen na farko, ya tsaya a kan cewa rubutu ya bi furuci. Hukumar kula da harshen, Real Academia Española, da aka kafa a 1713, ta yi ta sassaƙe ƙa'idoji a kan wannan turba, har zuwa gyaran 2010 da ya tsayar da haruffa 27. Sakamakon shi ne, in ka san ƙa'idojin, da wuya ka ga kalmar da za ta gagare ka furtawa, ko da ba ka taɓa jin ta ba.

An auna amfanin wannan. A 2003 Philip Seymour da abokansa Mikko Aro da Jane Erskine suka wallafa gwajin da aka yi wa yara a harsunan Turai 13, a ƙarshen shekararsu ta farko a makaranta. Yaran Sifaniya sun karanta kimanin kashi 95 cikin ɗari na kalmomin yau da kullum daidai. Na Finland da Girka sun kai 98, na Faransa 79, na Denmak 71. Yaran Sikotland masu Turanci 34 suka samu. Gaskiya ne sun fi sauran ƙuruciya, don da shekara biyar suke shiga aji ɗaya, amma ko a ƙarshen shekara ta biyu ba su cim ma inda yaran Sifaniya suka kai a ta farko ba.

Malaman da can ba su jira alƙaluma ba. Ɗaruruwan shekaru littafin fara karatu a wannan harshe sunansa silabario, wato littafin gaɓoɓi, kuma amon ajin shi ne ma, me, mi, mo, mu. Tsohuwar hanya ma sai an kira sunan harafi tukuna, eme da a, ma, kamar dai yadda almajiri ke bi ta babbaƙu da farfaru kafin ya iya haɗa baƙi. A Chile, Claudio Matte ya je Jamus ya ga yadda ake koyarwa da sauti maimakon sunan harafi, ya buga nasa littafin a Leipzig a 1884. Jama'a suka laƙaba masa El Ojo, wato ido, saboda kalmar darasin farko. A 1945 Adrián Dufflocq ya fitar da Silabario Hispanoamericano, a 1955 kuma wani malamin firamare a Arequipa ta Peru, Everardo Zapata, ya fitar da Coquito, wanda har yanzu iyaye ke saya a kasuwa ko da makaranta ba ta sa shi a jerin littattafai ba. Ko siyasa ta bi ta wannan ƙofa. Littafin yaƙi da jahilci na Kyuba a 1961 ya fara ne da wasula uku, O, E, A, waɗanda kuma su ne haruffan farko na sunan Ƙungiyar Ƙasashen Amurka da gwamnatin Castro ke takun saƙa da ita.

A filin wasa ma gaɓa ce sarauniya. Yara na da wani zaurance da suke kira jerigonza, inda ake bin kowace gaɓa da p da wasalinta, casa ta koma capasapa. Mutanen Buenos Aires na juya gaɓoɓi, tango ya zama gotán, café ya zama feca. Duk wanda ya tashi a gidan da 'yan mata ke zaurance don kada ƙannensu su gane ya san wannan wasa, ya kuma san ba a buƙatar allo ko boko kafin a ƙware a kansa.

Darasin Guadalajara

To, in rubutun na da sauƙi haka, kuma gaɓa na hannun yaro tun daga gida, ina buƙatar a zaunar da shi ana ta horar da kunnensa kan ƙwayoyin sauti?

A Amurka ba a ɗauki wannan a matsayin tambaya ba. Rahoton kwamitin ƙasa kan karatu na shekarar 2000 ya sa farga da sauti a sahun gaba na abubuwan da dole a koyar, kuɗin gwamnatin tarayya ya bi bayan rahoton, azuzuwa suka cika da atisayen baka: faɗi kalma kaza ba tare da sautin farko ba, haɗa waɗannan sautuka uku, raba wancan. Binciken da aka dogara da shi kusan duk kan masu Turanci aka yi. Amma da yake akwai miliyoyin yara a makarantun ƙasar da Sifaniyanci ne harshen gidansu, sai aka juya atisayen zuwa harshen, aka ci gaba da yi.

Claude Goldenberg na Jami'ar Stanford, da Rebeca Mejía-Arauz ta Guadalajara, da wasu abokan aikinsu, suka ga ya kamata a gwada. Suka bi yara kashi uku daga farkon aji ɗaya zuwa ƙarshen aji biyu: yaran Meziko a Guadalajara, da yara masu jin Sifaniyanci a Amurka da ake koya wa karatu da Sifaniyanci, da kuma waɗanda ake koya wa da Turanci. Sakamakon ya fito a 2014. Yaran Guadalajara sun shiga aji ɗaya a baya ƙwarai, a karatu da kuma farga da sauti, kuma malamansu ba sa yin wancan atisaye. Karatu suke yi da rubutu, da kwafa, da shifta. Zuwa ƙarshen aji biyu sun kamo takwarorinsu na Amurka a karatun Sifaniyanci, a wasu ma'aunan ma sun wuce su. A jarrabawar rarrabe sauti da baki kuwa har lokacin suna baya.

Wannan ya girgiza mutane, kuma ya kamata. Sai dai a yi hattara da abin da za a ɗora masa. Masu binciken da kansu sun ce kwatanci ne tsakanin ƙasashe biyu, inda yaron Guadalajara ke jin harshen a titi da rediyo da allon shago, na Teksas ko Kalifoniya kuwa rabin duniyarsa da Turanci take magana. Ga kuma wani bincike da Markéta Caravolas ta jagoranta, wanda ya fito a 2012, kan yara a Ingila da Sifaniya da Cak da Sulobakiya. An auna su a bakin fara karatu, aka dawo bayan wata goma. A duka harsunan huɗu, abubuwa uku ne suka nuna wanda zai yi gaba: farga da ƙwayar sauti, sanin sautin haruffa, da saurin kiran sunayen abubuwan da yaro ya gani. Ashe yaron Sifaniyanci ma bai tsira daga buƙatar kunnen ba.

A ganina binciken biyu ba su ƙaryata juna ba, kuma wani tsohon gwaji daga Jami'ar Granada ya nuna inda suka haɗu. A 1994 Sylvia Defior da Pío Tudela suka raba yaran aji ɗaya gida-gida. Wasu aka horar da su kan sauti da baki zalla, wasu kan ma'anar kalmomi, wasu kan sauti amma da haruffan roba a hannunsu suna ɗauka suna ajiyewa. Waɗanda suka yi fice a karatu da rubutu su ne masu haruffa a hannu. Sofía Vernon da Ferreiro sun ga makamancin haka a Meziko a 1999: yadda yaro ke yanka kalma da baki yana tafiya ne kafaɗa da kafaɗa da matakin da rubutunsa ya kai. A harshen da harafi ba ya yaudara, duk lokacin da malama ta ce rubuta mesa, yaro ya ja sautin a bakinsa yana neman harafin da zai sa, darasin farga da sauti ake yi, ko da ba a kira shi da sunan ba. Malaman Guadalajara suna koyar da abin ta bayan gida. Abin da yaransu ba su iya ba shi ne wasan cire sauti a iska, kuma ba a ga rashin iya wasan ya hana su karatu ba.

Wannan ya kamata ya tsaya a ran masu shirya littattafan karatun Hausa. Bokonmu ya fi kusa da Sifaniyanci nesa ba kusa ba a kan Turanci, amma yawancin dabarun da ke iso mana daga binciken Turanci aka tatso su. Bambancinmu da su ɗaya ne mai girma. Su in nauyin kalma ya kauce wa ƙa'ida sai su ɗiga alama, a bambanta papa, dankali, da papá, uba. Mu ba ma nuna tsawon wasali ko karin sauti, don haka yaronmu ko ya haɗa g-a-r-i daidai, sai jimla ta gaya masa gari ne na shiga ko gari na tuwo.

Inda gaɓa ke gazawa

Kada a ɗauka waƙar ma, me, mi ta gama magana. Malamai na da suna ga wurin da take tuntuɓe: sílabas trabadas, gaɓoɓi masu sarƙa, inda baƙi biyu ke haɗuwa kafin wasali, kamar pla, tre, bru. Yaron da ya haddace pa a matsayin dunƙule ɗaya, in aka ce ya rubuta plato, faranti, sai ya rubuta pato. Ga agwagwar nan ta dawo. Wani ya ji akwai l amma bai san mazauninsa ba, ya rubuta palto. Haka gaɓar da ta fara da wasali, al ta koma la, es ta koma se. A nan babu makawa sai kunne ya shiga cikin gaɓar, kuma a nan ake gane wanda ya fahimci tsarin da wanda ya yi hadda.

Rubutu kuma ya fi karatu wuya, domin sauƙin hanya ɗaya ya bi. Daga harafi zuwa sauti babu ruɗu. Daga sauti zuwa harafi akwai mararraba. Harafin h ba a furta shi, don haka hola ta gaisuwa da ola ta igiyar ruwa amonsu ɗaya. B da v sauti ɗaya ne. A duk Latin Amurka da wani yanki na kudancin Sifaniya, casa, gida, da caza, farauta, ba su da bambanci a baki. A Karibiyan ana haɗiye s na ƙarshen gaɓa, yaro kuma ana so ya rubuta abin da bai taɓa ji sosai ba. Duk kaifin kunne ba ya warware waɗannan, sai ido ya saba. Abin ya taɓa ƙular da Gabriel García Márquez, har ya tashi a taron harshen na Zacatecas a 1997 ya nemi a yi wa ƙa'idojin rubutu ritaya, a binne h ɗin nan. An yi dariya, an yi fushi, h na nan daram.

Akwai kuma yaran da Sifaniyanci ba shi ne harshen goyonsu ba, ko da yake a ƙasashensa aka haife su. Harshen Kecuwa na tsaunukan Peru da Bolibiya wasula uku gare shi, a, i, u. Ɗan da ya tashi da shi yana iya jin mesa, tebur, da misa, ibadar coci, kamar abu guda, a yi ta yi masa dariya a aji ana cewa ba ya ganewa. Bahaushen da aka taɓa zolaya kan p da f a ajin Turanci ya san zafin wannan dariya.

Minti ɗaya a Mendoza

Sauƙin rubutun yana da wani sharri: yana ɓoye mai rauni. Yaron da ke da disleksiya, wato lalurar da ke wahalar da haɗa harafi da sauti, in Turanci yake karantawa kurakurai ke tona shi. A Sifaniyanci yana iya karanta kusan komai daidai, amma gaɓa-gaɓa, da nishi, kafin ya kai ƙarshen jimla farkonta ya gudu. Shi ya sa gwajin PROLEC da Fernando Cuetos na Jami'ar Oviedo da abokansa suka tsara, a sabon zubinsa, yake auna lokaci tare da daidaito. Malamin da ke sauraron kuskure kaɗai zai sallami irin wannan yaro ya ce lafiya lau.

Alƙaluman yankin ma ba sa barin kowa ya yi barci. Gwajin ERCE na UNESCO na 2019, a ƙasashe 16 na Latin Amurka da Karibiyan, ya nuna kashi 44 cikin ɗari na yaran aji uku suna matakin ƙasa na fahimtar karatu. A Ajantina, ƙasar Ferreiro, kashi 46 ne. Nan tsohuwar rigima ta sake tashi. Ɓangare ɗaya, wanda Ana María Borzone ta hukumar bincike ta CONICET ke cikin manyan muryoyinsa, ya ce shekaru da dama an fake da sunan Ferreiro an daina koya wa yara sautin haruffa kai tsaye, ana jira su gano da kansu. Ɗan gidan da ke da littattafai ya gano, ɗan talaka ya kai aji uku bai gano ba. Ɗaya ɓangaren ya ce ana so a mayar da aji gidan aku, yara na furta sautuka babu ma'ana. Ferreiro, wadda ta rasu a Meziko a 2023, ta sha nanata cewa ita ba hanyar koyarwa ta ƙirƙiro ba, bayanin yadda yaro ke tunani ta yi. Ina ganin gaskiyarta ne. Amma in bayani ya shiga manhaja ya zama dalilin da malama ke jin kunyar ce wa yaro wannan harafin sautinsa kaza, to mai bayanin ba ta da laifi, yaron kuma ya yi asara.

Lardin Mendoza na Ajantina ya ɗauki shirin da Borzone da abokanta suka tsara, kuma tun 2021 yake yin ƙidayar saurin karatu: yaro ya karanta a bayyane na minti ɗaya, a ƙirga kalmomin da ya samu daidai, wanda ya gaza a ware masa ƙarin lokaci. Masu suka na cewa sauri ba fahimta ba ne, kuma haka ne, sai dai da wuya a fahimci abin da ake tonowa da ƙyar. A 2024 gwamnatin tarayya da lardunan suka amince da shirin ƙasa na koyon karatu, aka bar wa kowane lardi ya zaɓi hanyarsa.

Ƙetaren iyaka

A makarantun Amurka tambayar ta ɗauki wata kama: in an koya wa yaro karatu da harshen gida, ba a ɓata masa lokacin Turanci ba? Kalifoniya ta amsa da ƙuri'a a 1998, ta taƙaita koyarwa da harsuna biyu, sannan ta janye takunkumin da wata ƙuri'ar a 2016. Tun kafin duka biyun, a 1993, Aydın Durgunoğlu da William Nagy da Barbara Hancin-Bhatt sun gwada 'yan aji ɗaya masu jin Sifaniyanci, suka ga abin da ya fi nuna wanda zai iya karanta sababbin kalmomin Turanci shi ne fargarsa da sauti da iya karatunsa a Sifaniyanci. Yawan Turancin da ke bakinsa bai nuna hakan ba. Wanda ya gano sau ɗaya cewa kalma na rarrabuwa, ba sai ya sake ganowa a harshe na biyu ba.

Ana ganin haka a littattafan rubutun yaran. Ɗan shekara bakwai da ya koyi karatu a Guadalajara, iyayensa suka ƙaura da shi Teksas, malama ta ce ya rubuta kalmar gida da Turanci, house. Sai ya rubuta jaus. A harshensa j ne ke ɗauke da sautin da ya fi kusa da h ɗin Turanci, a da u su ne wasulan da ya ji, s ta rufe. Aka ce ya rubuta school, ya sa escul, don a Sifaniyanci kalma ba ta farawa da s da wani baƙi a bayanta sai an sa e a gaba, kamar yadda mu muka saka wasula a cikin burodi da sukurudireba. Malamar da ba ta san harshen ba za ta ja jan biro a kan duka biyun, ta tura shi ajin masu matsalar sauti. Wadda ta sani za ta ƙirga sautukan jaus ɗaya bayan ɗaya, ta ga babu wanda ya ɓace, ta ɗauko allo ta fara nuna masa yadda Turawa ke rubuta au.